Hannun Cima

Ni na riƙe mata fitila shekara ashirin da biyu
a ɗakin shan magani na Gidan Tankari.
Ɗaki biyu, gado uku,
ɗaya ba ƙafa, mun tokare shi da dutse.
Dutse dai ba ya tsada a Adar.

Cima, ɗiyar Atto mai saƙar tabarma.
Manjo muke ce mata.
Ko kalanzir ya ƙare
tana gano jijiya a damtsen jariri,
da babban yatsa take gani.

Wata damina aka kawo Salmu,
mijinta na Abijan yana turin kura.
Kwana biyu tana naƙuda, ɗa ya gitta.
Cima ta ce, wannan sai Tawa.
Muka ɗaura jaki, muka shimfiɗa katifa a amalanke,
muka tarar korama ta kawo har wuya.
Nan muka kwana a gaɓa,
muna hangen hasken birni kamar garwashi a murhun maƙwabci.
Kafin ruwa ya janye, Salmu ta riga shi.

Cima ba ta yi kuka ba.
Ta ciro shuɗin littafinta daga ƙugu,
ta rubuta suna na goma sha bakwai.

Da zaɓen majalisar jiha ya zo
maza a gindin gawo suka ce,
mai allura me ta sani da doka?
Ta ce, rabin masu kati a garin nan
ni na yanke musu cibi,
ku tambaye su.
Mata suka fito tun asuba, da goyo, da ƙullu a hannu.

Sau ɗaya na bi ta zauren.
Sanyi kamar cikin firjin rigakafi,
kowa da gorar ruwa da Faransancinsa.
Ta tashi ta ce gada take so.
Wani mai gilashi ya ce, Hajiya,
ke ta kwamitin lafiya ce, gada aikin hanya ne.
Ta buɗe littafin.
Salmu. Tamo. Hasiya da tagwayenta.
Shugaba ya dubi agogo a suna na tara,
ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.
Aka ɗaga hannu. Shida ne da ita.

Shekara ta zagayo, shida.
Wata ta zagayo, takwas.
A gida aka fara cewa ta yi ƙiba,
ta sami mota, ta manta warin ɗakin haihuwa.
Ni ma na faɗa, Allah Ya yafe mini,
ranar da aka rubuta na ashirin da ɗaya
da hannun wata yarinya sabuwar zuwa.

A shekara ta huɗu aka zo da siminti.
Ba gada ba ce yadda ta roƙa,
shimfiɗa ce, faɗin mota ɗaya,
in ruwa ya yi fushi sosai yana haye ta.
Allon da aka kafa, sunan wani ne a kai.
Zaɓe na gaba ta faɗi da ƙuri'a arba'in.

Bara jikata ta kwanta da amai da zawo,
yarinyar ta soka sau uku ba ta samu ba.
Na aika gidan Atto.
Cima ta zo da lalle a hannu, tafin ya yi laushi.
Ta lalaba, ta soka, ta kuskure.
Ta dubi yatsanta kamar baƙo,
ta ce, Kulu, kujera ta cinye mini ido.
Matso da hasken.

Na matso da wayata.
A waje mota ta wuce kan simintin, ta nufi Tawa,
mun ji ƙarar ruwa a ƙarƙashin taya.
Jini ya hau cikin roba, ja wur.
Ta ce, riƙe nan.
Na riƙe.