Amanar Uwani

Uwani ta tafi bautar ƙasa,
ta bar min tukwane huɗu a bakin taga
da 'yar takarda manne a bango, da jan biro:
"Yaya, don Allah kar ka kashe min su."

A bene muke haya, Gyaɗi-Gyaɗi,
inda ƙasa ma sai an hau da ita a buhu.
Wannan ta bakin Challawa ce, in ji ta,
an cuɗa ta da takin awakin Baba Ilu.
Na'a-na'a a gwangwanin madara,
ɗoɗɗoya a robar fenti mai hujin ƙusa,
lansir a tsohon kwanon sha.
Citta ta lafe a ƙasa, ba ta ce uffan ba.

Da damina ban sha wuya ba,
laima na shigowa ta raga, kowa ya ɗebi rabonsa.

Sai ruwan bankwana ya zuba daren Talata.
Da safe rana ta fito kamar mai bin bashi.
Zafin kaka! Na tsorata,
na dinga ɗura musu ruwa,
asuba, azahar, bayan isha'i,
har Gambo mai kura ya ce, "Baƙi ka yi ne?"
Kwana tara lansir ya kwanta,
saiwarsa ta ruɓe tana warin kwata.
Ashe tausayi ma yana nutsar da abu.

Na kira ta, layi na yankewa.
"Sa yatsa," ta ce, "har gaɓa ta biyu.
In ka ji danshi, ajiye butar nan.
Ka riƙa juya su, kar su karkace bin haske.
Furen ɗoɗɗoya kuma, tsinke shi."
Na ce, furen? Shi kaɗai ne ado a ɗakin nan.
"In ta yi iri ta gama da kai,
ba za ta ƙara ba ka ganye ba."

Na tsinke ina ba ta haƙuri.
Ƙamshin ya kwana a farcena,
har a sahun asuba wani ya waiwayo.

Darɓa ta yi sansani a bayan na'a-na'a.
Na jiƙa darbejiya da gutsuren sabulun salo,
na bi ganye ɗai-ɗai da auduga
kamar mai goge wa jariri kunne.
Ni da ko wankin kofi sai an yi min gori.

Jiya an ɗauke wuta da magariba.
Na haska waya ina neman ashana,
sai ga citta ta huda ƙasa,
kore shar, tsinin allura.
Na daɗe a tsugune, shayi ya huce.

Na sayo irin lansir a Kasuwar Rimi,
na watsa a kwanon nan dai, na rufa da yashi.
Kwana uku yake fitowa, in ji mai sayarwa.
Uwani ba ta sani ba.
Sai watan gobe za ta zo hutu.