Zari-Ruga, Safiyar Litinin

An girbe masara, Nebraska ta yi fayau.
Merle ya jera kwalaben gishiri biyar a tebur:
"Ga bangonmu. Ku dubi inda yake yoyo."
Ya taɓa ta hagu da ɗan yatsa, ta faɗi.

Yadi arba'in da ɗaya, wasa guda!
Dwight ya ce kakarsa da sandarta
ta fi haka tsakanin coci da mota.

"Ku ƙyale yaron nan Tavion," in ji Lorraine,
tana tsiyaya gahawa ba ta dubi kofi ba.
"Ƙafa gare shi kamar barewa,
amma ko barewa sai ta ga hanya.
Kafin ya rungumi ƙwallo, ƙarti uku na kansa.
Laifin wa?"

Shiru. Cokali na zaga kofi.

"Ƙato biyu muke nema," Merle ya ce,
"masu faɗin firji,
da wani mai gudu, ko da Tavion zai gurɗe."
Dwight ya ce koci ne zai tafi.
Bara ma haka ya ce. Bara waccan ma.

A waje iska na marin tutar jami'a.
Merle ya tsayar da kwalbar da ta faɗi,
ya share gishirin da gefen hannu,
ya laluba aljihu:
tikitin Asabar na nan.