Aron Harshe

Shekara arba'in da ɗaya babana Murdo
yana dafa giya a ɗakin dutse, bakin gaɓar Cromarty.
Bara zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku.
Ya tashi, amma hanci da harshe ba su tashi tare da shi ba.
Gishiri da zuma yanzu duk ɗaya ne a bakinsa.

Yau aka buɗe gangar da ya cika kafin ciwon.
Ruwa na dukan taga a karkace,
jiragen masunta duk suna ɗaure.
Ya tsiyaya mini rabin kofi, hannu na rawa,
ya ce, "Ishbel, ara mini harshenki."

Na ɗaga kofin wajen fitila.
"Baƙa ce." Ya girgiza kai. "Sake dubawa."
Ashe ja ce ta ɓuya cikin duhu,
irin garwashin da ya kwana ƙarƙashin toka.
Kumfarta 'yar siririya,
launin ulun da ba a kai ga wankewa ba.

Zan kai baki, ya riƙe mini hannu.
"Bar gaggawa ga mai ƙishirwa.
Rungumi kofin da tafi biyu, ta ji ɗumin mutum.
Sanyi kulle mata baki yake yi."
Muka zauna. Agogon bango ya yi ta surutunsa.

Da ta sake jiki, ƙanshi ya taso:
ɓawon burodi, zabibin da aka jiƙa,
da soron da yake baza sha'ir ya tsira,
inda nake ɓuya ina yarinya in na yi laifi.
Na faɗa masa duka. Ya lumshe ido.

Kurɓar farko ta zo da nauyi, ta shimfiɗe a harshe,
zaƙin sukarin da ya kusa ƙonewa.
"Ya kusa, ko ya ƙone?"
"Ya kusa."
Ya sauke numfashi. "Awa uku na tsaya kan tukunyar tagulla.
Har uwarki ta aiko a duba ko na mutu."

Bayan zaƙin sai ƙanzo,
na gindin tukunyar kunun safe, wanda ni da Lachlan muke faɗa a kai.
Ɗaci bai shigo ba,
ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama ya juya.
Sai wani ɗumi ya bi maƙogwaro a hankali,
ya sami wuri a ƙirji ya zauna.

Kurɓa ta uku na yi shiru.
Can ƙarshe, bayan komai ya watse,
akwai ɗan tsami, siriri kamar gashi a cikin miya.
Na dubi tsohon, ya karkato kunne,
farin gira, tabon ƙuna a wuyan hannu.
Wa zai sani in na haɗiye maganar?

"Baba, akwai tsami. Kaɗan. A ƙarshe."

Ya daɗe yana kallon gangar.
Sai dariya ta ƙwace masa har da tari.
"Tun ranar da na saye ta nake zarginta.
Tsohon itace ne, yana da ciki.
Mutum huɗu na ba wa kafin ke,
kowa ya ce ba ta da aibu."

Ya laluba aljihun rigar sanyinsa,
ya ajiye mabuɗin ɗakin dutse kusa da kofina,
bai ce komai a kansa ba.
Ya zuba wa kansa, ya kurɓa, ya juya ta a baki
kamar mai neman abu a ɗaki mai duhu.

"Faɗa mini kuma," ya ce. "Fara daga burodin."