Masu Nutso

Shekara hamsin da ɗaya mahaifiyata Mal-sun
tana nutso a tekun Jeju, ba tulun iska a bayanta.
Numfashi ɗaya, ƙarfe ɗaya a hannu,
ta taso da dodon koɗi cike da raga
tana feɗuwa kamar tsuntsun da ya kuɓuce wa tarko.

Yanzu ni take yi wa sannu da zuwa,
ta miƙo mini lemo,
ta ce ko na ga 'yarta a hanya.

A asibitin Busan, hawa na tara,
Dakta Pyo ta ɗebi jininta, bai cika kofin shayi ba.
Ta ce akwai 'yan ƙwayoyin halitta a ciki
da za a reno a ɗaki mai ɗumi,
a gyara musu rubutun da aka haife su da shi,
a koya musu shara,
su gane dattin da ya daskare tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa
su cinye.
Ta ce gwaji ne. Sau uku ta faɗa.
Wasu za a ba su ruwan gishiri kawai,
ita kanta ba za ta san su waye ba.

Na sa hannu a madadin wadda ta koya mini riƙe alƙalami.

Mako shida. Suka dawo a 'yar jaka mai sanyi,
ɗigo, ɗigo,
na zauna ina ƙirga su kamar mai jiran kwale-kwale.
A raina na ce ku sauka,
jininta ne ku, kun gaji nutso,
duhun ƙasa ba baƙonku ba ne.

Hunturu ya wuce. Ta saka takalmi a firji.
Ta yi kuka don an sace mata mijin
da muka binne tun ina 'yar makaranta.

Sai ranar Talata, ina wanke ganyen teku a kwano,
ta leƙo, ta tsaya.
Ta ce, wannan ba na gaɓarmu ba ne,
an cuce ki, Yeong-ran.

Da yamma ya sake nutsewa, sunan.

Ban sani ba ko ƙwayoyin ne,
ko igiyar ruwa ce ta turo shi ta koma.
Na rubuta a takardar Dakta Pyo: ƙarfe huɗu da kwata.
Na zubar da ganyen.
Gobe zan je kasuwa in nemo na gaɓarmu.