Jirgin Fito Ya Sa Farar Riga

Na san shi tun yana shuɗi,
shuɗin da gishirin teku ya lasa har ya koɗe.
Ƙarfe biyar da rabi na asuba
yakan yi tari sau uku a gaɓar Apapa
kafin ya yarda ya tashi.
Ni ke kwance masa igiya.
Shekara goma sha tara ina kwancewa, ina ɗaurewa,
har tafin hannuna ya zama ƙirgi.

Kwabo goma ne kuɗin fito.
Akawu rungume da jakarsa,
'yan dako da sauran barci a ido,
Iya Morufu da kwandon kifinta mai ɗiga a ƙafar mutane,
Sallau mai goro daga Agege yana lissafi da yatsu,
da wani soja da ba ya biya.
Benci takwas, mutum ɗari uku.
Wanda bai samu wuri ba ya jingina da na kusa
ko bai san yarensa ba.

Wata Talata da damina
mace ta haihu a bayan ɗakin inji.
Effiong ya kashe rediyo, mata suka yi katanga da zannuwa,
Kyaftin Oyelaran ya busa ƙaho sau bakwai
alhali babu komai a gabansa sai ruwa.
Ranar kowa ya makara aiki a Marina.
Ba wanda ya yi ƙorafi sai sojan.

Daga baya motoci suka kwashe mana mutane ta kan gada.
Albashi ya koma zuwa kamar baƙo, sannan ya ɗauke ƙafa.
Aka ja shi Ijora, aka jingine a laka.
Kainuwa ta yi masa zobe,
ƙaguwa ta tare a ɗakin kyaftin,
yara suka cire ƙararrawar suka sayar.
Oyelaran ya rasu a shekara ta huɗu.
Ni na kama gadi.

Ban ƙara jin ɗuriyarsa ba sai bara,
da dare, ina kan kujerata a bakin ruwan Ikoyi.
Ga wani farin abu tafe, hawa biyu,
fitilu kamar gidan biki, kiɗa na zuba daga samansa,
da sunan da harshena ya kasa juyawa.
Na ce wannan daga Turai aka kawo shi.
Sai ya yi tari.
Sau uku.

Na haska kuiɓinsa na hagu da tocila.
Ga lotsawar nan ƙarƙashin sabon fenti,
inda muka daki gaɓa ranar da iska ta fi ƙarfin Oyelaran.
An cike, an shafe, amma tana nan
kamar tsagar gado a fuskar wanda ya yi ƙiba.

Yanzu ba ya kai kowa ko'ina.
Nan yake tashi, nan yake dawowa,
awa uku yana yawo da masu ɗaukar kansu hoto.
Kuɗin kujera ɗaya ya fi albashina na wata.
Inda matar nan ta haihu, an ce,
nan ake jera kwalabe cikin ƙanƙara.
Ban ji haushi ba.
Tsoho ya samu aiki mai sauƙi, wa zai hana shi?
Ni dai ba a yi mini fenti ba.

Jiya yaron da ke jefa igiya ya jefa, ta faɗa ruwa.
Ya sake, ta sake.
Na ajiye sandata na ce, jefo nan.
Na cafe, na naɗa sau biyu,
na yi ƙullin da Effiong ya koya mini.
Igiyar ta miƙe, ta yi ƙara, ta ja ni taku ɗaya.
Nauyin bai canja ba.

Yaron ya ce, Baba, a ina ka koya?
Na ce, je ka, ana kiranka a sama.