Wuƙar Goggo Jebba

Kwana tara ke nan ina kallon allo,
allo yana kallona.
Manoman albasa na Meskin sun ba da kafin alƙalami,
tambari suke so a jikin buhu.
Na zana albasa sau arba'in,
kowacce ta fito kamar ƙwan lantarki.
In zana, in goge. In zana, in goge.
Yatsana ya san hanyar maɓallin komawa baya
fiye da hanyar bakina.

Ran Talata wuta ta ɗauke a Domayo,
batir ya ja numfashi biyu, ya cika.
Na fito ƙofar gida ina tsaki,
sai ƙaurin ƙuna ya ja ni ta hanci
har gindin darbejiyar maƙwabta.

Goggo Jebba ce, ƙafa a miƙe,
kasko a gefe, wuƙaƙe uku sun cusa kai cikin garwashi,
ƙwarya a cinyarta kamar jikar da ake yi wa kitso.
Ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Hamajam, tsayuwa ba ta zana ƙwarya. Zauna."
Ta miƙo mini wata da akuya ta taka:
"Ɗan koyo ba ya farawa da ta kasuwa."

Ƙarfe ya taɓa baya, ya ce cuu,
hayaƙi ya shige mini ido.
Layin farko ya tafi tangal-tangal
kamar babur a yashin mayo.
Hannuna na hagu ya zabura,
yana laluben maɓalli a kan tabarma.
Babu. Sai ɓawon gyaɗa.

Na ce, "Goggo, na ɓata. Da me ake gogewa?"
Ta yi dariya har ta ƙware da goro.
"Ka taɓa ganin wuta ta ci abu ta yi amansa?
Layin da ya karkace, nema masa ƙane.
Ja wani a gefensa, ya karkace irin tasa.
In suka kai uku, sai a ce ado."

Na ba shi ƙane. Na ba ƙanen ƙane.
Kafin la'asar bayan ƙwaryar nan
ya zama mayo a tsakiyar damina.
Babban yatsana ya yi bororo.
Yara suka ce ai wuta ta dawo tun azahar,
ni ban ji ba.

Mako uku ina zuwa.
Manoma na kira, ina cewa jibi.
Na gane ƙarfen da ya yi ja da yawa hudawa yake,
wanda ya huce kuwa sai shafa.
Na gane ƙwarya ake juyawa, hannu yana nan.
Kuɗin makaranta goro biyu ne,
da nemo mata lambar ɗanta na Garwa
duk lokacin da ta ɓace cikin waya.

Wani dare na raba albasa biyu zan yi miya,
na tsaya da wuƙa a hannu:
zobe cikin zobe, ba ko ɗaya da ya daidaita,
kowanne ya bi karkatar wansa.
Idona ya kawo ruwa. Na ɗora wa albasa laifi.

Na buɗe allo, miya na ƙonewa.
Na kifa murfin kwalba a kan maɓallin nan,
na ja layi ɗaya. Ya karkace.
Na bar shi, na kira ƙannensa.

Yanzu buhunan suna gangarawa kudu a bayan tirela.
Na kai wa Goggo guda, sabo fil.
Ta juya shi, ta kai shi hanci,
ta ce, "Ba laifi. Sai dai ba ya ƙaurin wuta."
Ta shimfiɗa shi, ta zauna a kai,
ta turo mini kasko da ƙafa:
"Garwashi na barci. Fifita."