Rakiya

Huɗu da rabi na asuba nake tashi daga ɗakin wankin asibiti,
hannuwana na warin bilic,
bas ɗin farko kuwa sai shida saura kwata.
A Sheffield titi ba ya kwanciya,
ko hawa ko gangara,
ga yayyafin nan nasu mai nacin mai bin bashi,
bai zuba ba, bai ɗauke ba.

A wannan tsayuwa dabarar ta same ni:
masu mota suna wucewa da kujeru uku babu kowa,
mu kuma muna tsaye muna ƙirga fitilu.
Me zai hana waya ta haɗa mu?

Na kai wa Tasi'u, ɗan yayata, mai karatun kwamfuta.
Ya ture kwanon tuwon semo, ya ce,
"Anti Mansura, dabara ai kowa na da ita a aljihu.
Kina da mutum goma?
Kada in rubuta ko layi ɗaya sai kin kawo su."

Na manna takarda a allon ɗakin shan shayi,
na ɗaure biro da zare.
Sha ɗaya suka sa suna.
Huɗu suka zo.
Mako shida ni ce manhajar,
ni ke aika saƙo, ni ke haɗa wane da wance,
ni ke ba da haƙuri
ranar da Marek ya jira a ƙofar gaba
su Chipo suna daskarewa a ta baya.
Fam ɗari shida da arba'in, kwasar adashina,
ta tafi a kuɗin mai da tambayar lauya kan inshora.
Mata biyu suka ce mini a fili
ba sa shiga motar wanda ba su sani ba.
Na koma gida na kwanta da takalmi.

Doreen ce, mai goge bene na uku,
shekara sittin da ɗaya, gwiwa ɗaya ta ƙarfe,
ta tare ni wajen injin busar da zannuwa.
"Ni fa ba mota nake nema ba.
Gidana minti goma sha biyu ne.
Ramin nan na ƙarƙashin titi nake tsoro.
Ki samo mini ƙafa biyu kusa da nawa."

Ashe wata biyu ina ɗinka riga
ban auna mai ita ba.

Muka cire motar gaba ɗaya.
Abin da ya rage kaɗan ne:
ina kike, yaushe za ki tashi, ina kika nufa,
da katin aiki don a san ke ce.
Tasi'u ya ce suna fa?
Na ce a garinmu ba a barin baƙo a bakin zaure,
sai an taka masa.

Daren Laraba, cikin Nuwamba, a teburin kicin,
ya juyo mini da kwamfutar: "Ke za ki danna."
Na yi bisimilla, na danna.
Ba guɗa, ba tafi.
Firij kawai ke gurnaninsa.

Sifiri.
Na dafa shayi, na dawo. Sifiri.
Ɗaya!
Tasi'u ya sosa ƙeya: shi ne, yana gwadawa.

Uku da minti ashirin, ya yi barci kan hannunsa,
lambar ta motsa.
Sunan da ban taɓa ji ba. Ioana.
Ƙofar baya, biyar saura ashirin, zuwa Burngreave.
Gefen masu rakiya fari fat, ba kowa tukuna.

Ranar hutuna ce.
Na dubi gado, na dubi taga.
Na lulluɓa wa yaron bargo,
na zura safa biyu-biyu,
na ɗauki lema babba, mai isar mutum biyu.